Tsuntsuwar Shukri Ta Tafi da Igiya

Ruwan da aka yi ta zabgawa tun farkon mako ya ɗauke da asuba, kuma duk wanda ya taɓa ƙirgar tsuntsaye a tsaunukan bayan birnin Batumi ya san me hakan yake nufi. Shahunan da ruwa ya tsare a arewa sun taru, sun gaji da zaman jira, yau za su ɓalle gaba ɗaya su nufi kudu. Teku na damansu, manyan duwatsu na hagunsu, ba su da hanya sai wannan siririn tsakani, ta saman kan mutane. Irin wannan rana sau ɗaya take zuwa a kaka, wata shekarar ma ba ta zuwa.

Lamara Kontselidze ta riga kowa hawa tudun. Ita ce shugabar masu ƙirga a tashar sama, kuma babu wanda ya taɓa ja da ita a kan wannan matsayi ya kwashe da daɗi. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ɗan haura arba'in, idonta kuwa sai dai a ce tubarkalla. Ɗigo za ka hango can ƙarƙashin gajimare, kana tantamar ko datti ne a madubin hangen nesanka, ita ta riga ta faɗa maka ko gaggafa ce ko shirwa, tsohuwa ce ko 'yar bana. Ba ta cika baki da wannan baiwa, amma kuma ba ta ɓoye ta. In ta ce abu kaza ne, to rubuta kawai.

Da sauran suka iso suna haki, sai ta raba musu sama kamar yadda ake raba gona. Wannan daga kan ƙauye zuwa bakin kogi, wancan daga kogi zuwa dogon dutse, kowa da yankinsa, kowa da ɗan ƙarfen ƙirga da yake dannawa. Baƙin da suka zo taya aiki daga ƙasashe daban-daban sun riga sun haddace dokarta, amma sai da ta maimaita. Ba a ƙirga tsuntsaye suna cikin juyawa a iska suna neman tsawo, sai sun miƙe sun ja layi. Ka ƙirga goma, ka riƙe girman goman a idonka, ka riƙa yankar layin da shi. Kuma komai kyan tsuntsu, kada ka kuskura ka bar yankinka ka bi shi da kallo, domin abin da ya wuce ta bayanka ya wuce ke nan, ba mai dawo maka da shi.

Gocha, wani ƙaton mutumin Kutaisi da ba ya rabuwa da wasa da 'ya'yan furen rana a aljihu, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranki ya daɗe, yau ko fitsari an hana ke nan?"

"Je ka yi na yini guda tun yanzu," in ji Lamara. "In an fara, ko a wando ne sai dai ka yi."

Babban yankin tsakiya, inda tururuwar shahuna take bi, ta riƙe wa kanta kamar kullum. Ba son kai ba ne, ita ce kaɗai ba ta ruɗewa in sama ta cika. Amma ko da son kai ne ba za a ga laifinta ba, shekara guda ta yi tana jiran wannan rana.

Hantsi na ɗagawa suka fara zuwa. Da fari ɗai-ɗai, sannan goma-goma, kafin ka ankara sama ta yi baƙi daga bayan duwatsu har saman kai. Ba ka jin komai a tudun sai ƙas-ƙas ɗin ƙarafuna, da muryar mutumin tashar bakin teku a oba-oba yana tambayar wane layi ne nasa, wane ne nasu, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Lamara na amsa masa a gajarce ba tare da ta sauke madubin hangen nesa daga idonta ba. Ranta fes. Nan ne kaɗai a duniya take jin komai yana zaune daidai a inda ya kamata.

Wayarta ta fara girgiza a aljihu. Ta share. Ta tsaya, ta sake, ta tsaya, ta sake, har Gocha ya ce ko dai ta ɗauka ko ta ba shi ya jefa a kwari. Ta zaro ta da hannun hagu ta maƙala a kunne, idonta na sama.

Goggo Nanuli ce, ƙanwar mahaifinta, wadda take riƙe masa gida tun rasuwar mahaifiyar Lamara. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce tsuntsuwar Shukri, wato mahaifin Lamara, ta suɓuce masa jiya da yamma a tsohuwar gonar shayi, ta tafi da igiya a ƙafa, doguwar igiyar gaba ɗaya. Ta ce ya yi ta nema har duhu ya hana shi, yau kuma tun asuba ya fita cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana kiranta, ko kofi bai sha ba, kuma ya rantse in ta gaya wa Lamara ba shi ba ita.

Lamara na saurare, yatsanta bai daina dannawa ba.

Shukri mai kama shaho ne, haka ubansa, haka kakansa. Kowace kaka yakan zauna a bukkarsa ta ganye a gefen tsauni, da raga a kafe, da ɗan tsuntsu mai fiffika a kan sanda, har ƙaramin shahon nan da ake kira mimino ya kawo sura ya faɗa ragar. Yakan zaɓi mace 'yar bana, ya ɗaura mata igiyar fata a ƙafafu da 'yar ƙararrawa, ya yi ta yawo da ita a hannu har ta saba da shi, sannan su shiga farautar salwa tare. In salwa ta ƙare, sai ya yanke duk wata igiyar fata da ke jikinta ya buɗe hannu, ta bi 'yan'uwanta kudu. Aro ya ɗauka, ya mayar. A wajen masu wannan sana'a, a ce tsuntsuwarka ta tsere ba abin kunya ba ne, tana faruwa ga kowa. Abin kunyar shi ne ta tafi da igiya. Duk reshen da ta sauka igiyar na iya naɗewa, in ta zabura za ta tashi sai ta rataye kai a ƙasa, ta yi ta bugun iska har ta mutu, ko hankaki su riga mutuwar isa idanunta. Shukri ya kusa saba'in da biyar bai taɓa barin wannan ya faru a hannunsa ba, kuma duk ƙauyen an san yana taƙama da hakan.

Lamara ta san abin da ya jawo. Tun sanyin bara hannunsa na dama ya yi rauni, likita ya ce ƙaramin shanyewar jiki ne, shi kuwa ya ce likitan yaro ne bai san komai ba. Kofi yakan faɗi daga hannun, ya ce kofin ne ke da santsi. Ta roƙe shi kada ya kama tsuntsuwa bana. Ya ce wadda take yini tana ƙirga abin da ba nata ba, ba ita za ta koya masa riƙon nasa ba. Tudun nan kuwa, da ake hango shi daga ƙofar gidansa, bai taɓa taka shi ba.

Nanuli ta zo da shawararta a shirye. Ta ce ai ga su nan a sama da madubai masu ganin ƙwayar masara daga wani gari, su juya su gaba ɗaya zuwa kwari, kowa ya ɗauki gefe, a duba bishiya-bishiya.

"Ba zan sauke mutum ko ɗaya daga sama ba, Goggo."

Nanuli ta buɗe mata wuta. Ta ce dama ta san zuciyarta dutse ce tun tana yarinya, ta ce uban da ya haife ta yana can cikin ƙaya da hannu ɗaya ita tana nan tana lissafin tsuntsayen Allah da ba su san da zamanta ba, ta ce in ya faɗi a rami sai ta ƙirga shi shi ma ta rubuta. Lamara ta bari sai da ta sauke duk abin da ta ɗauko.

"Zan samo ta," ta ce. "Ki nemo shi ki zaunar da shi a gida. Ki fito da tsanin tsinkar inabi, ki riƙe wayarki a hannu."

Gocha ya ji komai, don muryar Nanuli ba ta buƙatar waya. Wannan karon babu wasa a fuskarsa. Ya matso ya ce mata a hankali ba wanda zai ga laifinta in an tsayar da ƙirga na ɗan lokaci, tsuntsaye dai ba za su kai ƙara ba. Ta ce masa ramin da za a bari a lissafin rana irin ta yau ba ya cikuwa har abada, kuma ko da za ta yarda, aikin banza ne. Kwarin nan ganye ne a kan ganye tun daga ƙauye har kogi. Mutum goma za su yini suna leƙen bishiyoyi ba su ga tsuntsuwar da ba ta kai tantabara ba. Sai ta cire ƙarafunan babban yanki daga wuyanta ta rataya masa.

"Tsakiya taka ce. In ka ɓata min lissafi sai na aske maka gashin baki."

Gocha ya bi ta da kallo baki buɗe. Ita kuwa ta wuce can ƙarshen tudu, wajen Bogna, wata doguwar 'yar Poland da aka bai wa yankin ƙasa-ƙasa saboda bana ta fara zuwa. Yanki ne da ba mai so. Babu gaggafa, babu tururuwa, sai ƙananan mimino na daji da ke bin gefen tsauni ɗai-ɗai, suna wucewa fiit ta saman rufin gidaje. Lamara ta tura Bogna ta taya Gocha, ta gyara tsayuwa, ta juya wa babbar ranar shekara baya. Ta ji zafin hakan har cikin ranta, ba ta kuma yi kamar ba ta ji ba.

Ga abin da ta dogara da shi. Ƙananan shahunan nan ba sa tafiya barkatai. Hanya ɗaya suke bi kowace kaka, ta bayan makabarta, ta gefen hasumiyar kwanon masallaci, su gangara ta tsohuwar gonar shayi, su tsallake kogi. Shekarun da ta yi tana ƙirga su sun sa ta san wannan hanya kamar hanyar ɗakin girkinta. Sannan ta san wani abu da ta koya tun tana ƙarama, a tsugune kusa da ubanta cikin bukkar ganye: mimino ba ya iya wuce abin da ke fiffika a wuri ɗaya bai leƙa ba. Da wannan halin nasa ake kama shi. In tsuntsuwar Shukri na rataye a wani wuri tana bugun iska, 'yan'uwanta masu wucewa za su karkace su duba. Ba ita Lamara za ta nema ba. Layin za ta kalla, ta ga inda ya lanƙwashe.

Haka ta tsaya tana dannawa, ɗaya, biyu, ɗaya, tana raka kowanne da ido daga makabarta har kogi. A bayanta ana ta shagali. Ta ji Gocha na kiran ɗaruruwa a jere har muryarsa ta fara dishewa, ta ji wani ɗan Sifen yana salati da yarensu, ta ji ana cewa ga gaggafa a cikin layi. Ba ta waiga ba.

Can sai wani ya karkace a bayan gidajen ƙasa. Ta kai babban madubi mai ƙafafu wajen da sauri, ashe 'yan tsaki ne wata mata ta saki a tsakar gida. Ta ja tsaki ta koma. Wani ya sake karkacewa kusa da masallaci, wannan kuma garken ƙananan tsuntsaye ya bi. Rana ta take tsaka, layin na tafiya samɓal kamar an ja shi da zare, sai wani tunani ya fara cin ta: idan tsuntsuwar ta daina motsi fa? Abin da ya mutu ba ya jan hankalin kowa. Ta ji tsoro sosai a wannan lokacin, ta ga fuskar ubanta in aka kawo masa gawar a rataye da fatar da ya ɗaura da hannunsa. Amma ta san dabararta daidai ce, kuma ba ta da wata da ta fi ta. Ta goge ido da bayan hannu ta ci gaba da dannawa.

A ƙasan gonar shayi akwai jerin dogayen bishiyoyin turare, bayan wani rusasshen ɗakin shanya ganye. Wani mimino ya zo daidai nan, ya naɗe fiffike ya faɗa ƙasa, ya sake tasowa ya kama hanyarsa. Lamara ba ta motsa ba. Na bayansa ya wuce bai kula ba. Na bayan wannan ya karkace a daidai wurin, ya yi kewaye guda, ya wuce. Sannan ta hango hankaka ya sauka a kan rufin rusasshen ɗakin, wani ya biyo shi, suka zauna suna kallon abu ɗaya.

Ta kai madubi kan bishiya ta uku daga ɗakin. Ganye, ɓawo, ganye. Ta sauko da shi a hankali, sai ga wani abu fari-fari mai zane yana juyawa a ƙarƙashin wani busasshen reshe, kai a ƙasa, fiffike a sake. Abin ya juya, ya juya, sannan ya buga fiffike da ƙarfi ya sake saki.

Ta kira Bogna da suna, ta damƙa mata ƙarfen yankin, ta nuna mata tsuntsun ƙarshe da ta ƙirga don ta ɗora daga nan. Sannan ta kira Nanuli.

"Tana da rai. Bishiyar turare ta uku bayan ɗakin shanya, ta ɓangaren kogi. Ku yi sauri, hankaki sun gan ta."

Ba a jima ba ta hango su sun ɓullo daga ƙauye. Nanuli a gaba, tsani a kafaɗa, waya a maƙale cikin ɗankwali, tana tafe tana mita. Shukri a baya da hularsa, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana sauri irin na tsohon da ba ya so a ce yana sauri. Gonar shayin ta daɗe da zama daji, daga ciki ba ka ganin komai sai ganyen da ke gabanka. Lamara ce idonsu. Ta ce su yi hagu, ta ce ba wannan hagun ba, ta ce akwai rami a gabansu su kewaye ta sama. Nanuli na maimaita wa ɗan'uwanta kowace kalma tare da ƙarin nata.

Da suka isa gindin bishiyar hankakin suka tashi. Nanuli ta jingina tsani ta ɗora ƙafa za ta hau, Shukri ya janye ta gefe. Lamara na jin su ta waya. Nanuli ta ce ya ji tsoron Allah, da wane hannun zai hau? Ya ce tsuntsuwar ba ta san kowa ba sai shi, baƙon hannu zai sa ta karya ƙafarta. Nanuli ta ce Lamara ta yi masa magana mana.

"Ƙyale shi, Goggo. Riƙe masa tsanin da kyau."

Ta kalle shi yana hawa, yana cikin madubinta kamar ta miƙa hannu ta taɓa shi, alhali kwari guda ne a tsakaninsu. A tsakiyar tsanin hannun daman ya zame. Ya tsaya, ya zura gwiwar hannun ta cikin matakin ya maƙale, ya ci gaba da hawa a haka, mataki-mataki. Da ya kai, ya tallafo tsuntsuwar da hagu, ya juyo da ita daidai, ya tura ta cikin rigarsa. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar daga reshe. Saukowar ta fi hawan daɗewa, kuma sai da ƙafarsa ta taɓa ƙasa Lamara ta lura ta cije leɓenta har ya fashe.

Ya zauna a kan wani kututture da tsuntsuwar a ƙirjinsa. Nanuli ta ce wai zai bari ta ji ɗumi tukuna, ya ɗiga mata ruwa, ya ba ta ɗan naman salwa, in ta karɓa to. Sannan, ba tare da ta sassauta murya ba, ta ce ita dai ba ta janye maganar zuciyar dutse ba, amma akwai wainar masara da wake in an sauko. Ta kashe wayar.

Lamara ta koma bakin aiki. Gocha ya miƙo mata ƙarafunan tsakiya, ta ce ya riƙe abinsa, ai bai ɓata ba. Ya ce a rubuta wannan a tarihi, yau an yabe shi. Ta karɓi yankin ƙasa daga hannun Bogna ta ci gaba da ƙirga ƙananan, tana ɗan leƙa kututturen in layi ya yi sauƙi. Tana ganin hular ubanta a sunkuye, ba ya ko motsi.

Rana ta karkata, gaggafa suka fara yawa a sama, sannan wayar ta sake girgiza. Kafin ta ɗauka ta kai ido madubi. Shukri ya fito da tsuntsuwar, tana tsaye a kan hannunsa na hagu, ta miƙe tsaf tana waige-waige. Lamara ta zaci igiya sabuwa zai ɗaura, don salwa ba ta ƙare ba, da sauran makonni a gaba, kuma wannan tsuntsuwa ce da ya ce bai taɓa samun mai kaifinta ba. Sai ta ga ya kai wuƙa wajen igiyar fatar da ta rage a ƙafarta. Hannun daman nan mai rauni ne riƙe da wuƙar. Ya kai, ya janye. Ya sake kaiwa, ya janye. Fatar a manne take da ƙafa, kuskure kaɗan ya isa. Ya daɗe yana kallon hannun nasa. Sannan ya juya wuƙar ya miƙa wa Nanuli ta wajen ƙota.

Mutumin da ko ragarsa ba ya bari wani ya naɗe masa. Lamara ta gane abin da take kallo. Ba wannan tsuntsuwar kaɗai yake sallama ba, bukkar ganyen ma ba zai sake zama cikinta ba. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ga kuma wayar na ta girgiza a hannunta. Nanuli ta yanke fatar dama, ta yanke ta hagu, ta cire 'yar ƙararrawar, ta zuba su a aljihun rigarta, sannan ta kara masa wayar a kunne. Lamara ta amsa kiran.

"Lamara."

"Na'am, Baba."

"Kina ganina daga can?"

"Ina ganinka. Har maɓallin rigarka da ya tsinke."

Ya yi ɗan gyaran murya. "To duba min ita. Idona ba zai kai ba."

Ya ɗaga hannun ya buɗe yatsunsa. Tsuntsuwar ba ta tashi nan take ba. Ta girgiza jiki, ta dubi kogi, sannan ta zabura ta bi ta saman ganyen shayi. Lamara ta ɗora madubi a kanta, ta shiga faɗa masa abin da take gani, da irin muryar da take ba da rahoto a oba-oba. Fiffike biyu na bugawa daidai. Ƙafafu duka a naɗe suke a ciki, babu wadda ta saki. Babu abin da ke reto a bayanta. Ta wuce bishiyoyin turare, ta kai kogi, ta samu iska mai ɗagawa a kan dutsen tsallake, tana juyawa, tana hawa.

"Tana hawa da kyau?"

"Kamar ba abin da ya same ta."

Sai ga wani gungu na mimino ya taso ta hanyar makabarta, ya tsallake kogi ya shiga iskar nan. Suka cakuɗe, suna juyawa tare, wannan ya gitta ta gaban wancan, suna ƙara tsawo. Lamara ta ƙura ido iya ƙarfinta. Duk 'yan bana ne, duk launi ɗaya, duk girma ɗaya. Suka kai ƙarshen iskar suka miƙe kudu a jere.

Shukri ya tambaya: "Yaya? Wacce ce ita a ciki?"

Ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya, daga ta gaba har ta baya.

"Ban sani ba, Baba. Ta shige cikinsu. Ba ta da wani abu a jikinta da zan gane ta da shi."

Tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar kogi a bayansa.

"Ko ke?" ya ce.

"Ko ni."

"To madalla," in ji Shukri.

Ta gan shi ya sauke hannun da tsuntsuwar ta tashi daga kai, ya duba shi ciki da baya, ya sa a aljihu. Nanuli ta saɓa tsani, suka juya suka kama hanyar gida, shi a gaba wannan karon. Lamara ta so ta raka su da ido har ƙauye, amma madubin ya yi mata hazo, ta goge shi da gefen riga bai washe ba. Bogna ce ta matso, ta zare ƙarfen daga hannunta ta ci gaba da ƙirga.